Daren Farko Bayan An Ɓalle Shago

Idan aka ɓalle shago a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, hankalin kowa yakan tafi ga abin da aka kwashe: buhun sukari nawa, katan ɗin taliya nawa, kuɗi nawa ke cikin aljihun tebur. Ba kasafai ake tambayar abin da aka bari ba. Alhali wanda ya zo a kan babur, ko ɓarawon da ya zo a ƙafa, ba ya iya ɗauke shago gaba ɗaya. Yakan bar buhunan gishiri da taki, da sikeli, da kanta, da firji, da littafin bashi, kuma sau da yawa waɗannan su ne jarin da mutum zai sake tsayawa da shi. Abin da ke cinye su shi ne ƙofar da ta kwana a buɗe. Don haka nake ganin toshe ƙofar da aka karya kafin rana ta faɗi aiki ne na kasuwa baki ɗaya, wanda ya kamata a yi masa tanadi tun kafin buƙatarsa ta taso, maimakon a bar mai shago da shi a ranar da ya fi kowa ruɗewa.

Yammacin Zamfara ya san karyayyun ƙofofi fiye da yadda ya so. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun kwashe kwanaki suna afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna ƙona gidaje suna fasa shaguna. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200, dubbai kuma suka bar garuruwansu. Watanni kaɗan kafin nan, a Satumban 2021, an katse layukan waya a faɗin jihar, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta kuma taƙaita sayar da fetur. A Agustan 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a garin Gummi. Ruwa da bindiga ba hali ɗaya gare su ba, amma abin da suke bari a bakin titi iri ɗaya ne: ginin da kayansa ke ciki, bakinsa a wangale, mai shi kuma yana wani wuri, ko a asibiti, ko a maƙabarta, ko a cikin 'yan gudun hijirar da suka taru a garin Anka. Kafin ya dawo ruwan sama ya shiga, awaki sun shiga, sannan hannun da bai taɓa tunanin fasa ƙofa ba ya ga abin da zai ɗauka ba tare da ya fasa komai ba.

Shagunan wannan yanki ba na gilashi ba ne, in ban da 'yan tsirarun kemis da shagunan waya a manyan garuruwa. Yawanci ƙofar ƙarfe ce mai ganye biyu, da sakata da kwaɗo, a jikin ginin bulo ko na ƙasa. Mai fasawa ba ya wahalar da kansa da kwaɗon. Yakan sa ƙarfe ya banƙare ganyen, ko ya tumɓuke firam ɗin daga bango, kuma a ginin ƙasa wannan ba ya ɗaukar lokaci. Shi ya sa sayen sabon kwaɗo washegari ba ya magance komai, tunda abin da zai riƙe shi ya riga ya fita. Abin da mutane suka fi yi shi ne su jingina fallen kwano su buga ƙusa. Ƙusa kuwa ba ta kama ƙasa, a bulo ma sai ta tsaga shi, kuma duk abin da aka buga daga waje, daga waje ake zare shi. Hanyar da ta fi riƙo tana da sauƙi. A sa katako biyu masu kauri a gicciye ta ciki, kowanne ya zarce faɗin ƙofar ya dafe bango dama da hagu. A rufe ta waje da falanki ko kwano mai ruɓi biyu, a ɗora wasu katakan a kansa daidai da na ciki. Sai a huda, a zura dogayen ƙusoshi masu noti, irin masu sulɓin kai da sufana ba ta kamawa, a ɗaure notin ta ciki. Bangon ya shiga tsakani ke nan, an matse shi gaba da baya, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Mai ɗaurewa ya fita ta ƙofar baya, in babu ita a bar ƙaramar kafa mai sakata da kwaɗo. Wannan aiki bai buƙatar wutar lantarki. Mai walda ya fi kowa iya gyara na dindindin, amma sai da janareta da fetur, kuma mutanen da suka ga 2021 sun san akwai ranar da fetur ba ya samuwa, waya ma ba ta shiga balle a kira shi.

Gaggawar tana da dalili. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu nazarin halayyar ɗan Adam kuma sun gwada maganar. A 1969 Philip Zimbardo ya ajiye mota ba lamba a wata unguwa mai natsuwa a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta fi mako guda ba wanda ya taɓa ta. Da ya ɗauki guduma ya fara fasa ta da kansa, sai masu wucewa suka taya shi. Daga nan James Wilson da George Kelling suka gina ra'ayinsu na 1982, cewa tagar da ta fashe aka ƙyale ta tana sanar da jama'a babu mai kula da wurin. An yi ta jayayya a kan yadda 'yan sandan Amurka suka yi amfani da wannan ra'ayi wajen matsa wa talakawa, kuma jayayyar tana da tushe, amma ba ta shafi ƙofar shago ba. Fikihun Malikiyya da kotunan shari'ar Zamfara ke bi tun 2000 ma ya kula da wannan bambanci, domin yana duba ko an ɗauki kaya ne daga wurin da mai shi ba za a ce ya wofintar da su ba. Ƙofar da aka toshe tana faɗa wa mai wucewa, ta kuma faɗa wa alƙali, cewa kayan nan suna da mai su.

A Amurka da Ingila akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, dare da rana, kuma kamfanin inshora ne yakan biya, domin sharaɗinsa ne mai dukiya ya hana ɓarna ƙaruwa. Ɗan tireda a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas ba shi da inshora. Abin da yake da shi sarkin kasuwa ne da ƙungiyar 'yan kasuwa, waɗanda tuni suke karɓar kuɗin gadi da gudummawar biki da rasuwa. Bandir ɗaya na kwano falle 20 ne. Idan aka haɗa shi da katako, da ƙusoshi, da abin huda na hannu, da kwaɗuna 'yan kaɗan, aka ajiye a wurin wani amintacce, aka yi magana da kafinta tun da wuri a kan ladansa, an sami abin rufe shaguna da dama a yini ɗaya. Kayan aro ne: mai shago ya gyara ƙofarsa ya mayar.

Za a ce wanda ya zo da bindiga ba kwano ne zai tsare shi ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya sayar wa mutanen Bagega ko Gwashi wannan dabara da sunan tsaro ya yaudare su. Tsaro yana wuyan gwamnati, da sojoji, da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024. Sai dai ɗan bindiga yakan zo ya tafi, ƙofar kuwa tana nan buɗe har mako ko wata, kuma asarar wannan tsakani ce kaɗai talaka ke da ikon tarewa da hannunsa. Inda kuma gari ya watse gaba ɗaya, kada wanda ya koma don katako; maganar nan ta garuruwan da mutane ke kwana a cikinsu ce.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato amana. Shiga shagon mutum ba ya nan abu ne da ke jawo zargi, kuma a yankin da tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto ya sa maƙwabci ke kallon maƙwabci, ba kowa zai yarda ya taɓa kayan wani ba. Akwai kuma 'yan sanda, da za su so ganin wurin yadda aka bar shi. Maganin duka biyun ɗaya ne: kada mutum ɗaya ya yi aikin. A ɗauki hoton ƙofar da cikin shagon da waya kafin a taɓa komai, a sanar da ofishin 'yan sanda idan akwai shi kusa, a rubuta abin da aka tarar a gaban mai unguwa da wakilin ƙungiya da wani ɗan uwan mai shagon, kowa ya sa hannu. Idan gobara ce ta ci ƙofar, a tabbata wutar ta mutu sarai kafin a rufe, don garwashin da ke cikin buhu yakan kwana yana ci. Makullin sabon kwaɗon kuma a damƙa shi ga iyalin mai shagon, in ba su nan ya zauna a hannun mai unguwa tare da takardar.