Babi na Bakwai: Wa Ke Jan Garke?

Daga Kantin Kwari a Kano har unguwar Dengfeng a Guangzhou, inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma ke cika kwantena, ba a rasa maigidan da ya yi imani cewa yaran shago ba sa aiki sai da tsawa. Hujjarsa karnuka: wai a kowane garke mafi ƙarfi ne ke danne saura.

Wannan magana ta ishi mutane haka! Tushenta binciken Rudolf Schenkel ne na 1947, a kan kyarketan da aka tsare wuri guda a gidan zoo na Basel, alhali ba su san juna ba. Ina za su ƙi faɗa? David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, da kansa ya warware shi a 1999, bayan shekaru yana bibiyar kyarketai a tsibirin Ellesmere na Kanada. Ashe garken daji iyali ne: uwa, uba da 'ya'ya. Manya su nemo abinci, su nuna hanya.

Mafarautan ƙasar Hausa ba su jira Bature ba kafin su gane wannan, haka malaman fiƙihu. Kare mai horo, wanda aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da ya kamo, shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an kira shi ya dawo. Karen da ya saba shan sanda kuwa, in an kira shi nesa yake tsayawa, wutsiya a tsakanin ƙafafu.

Sai labarin wani kare mai suna Togo. A Janairun 1925 mashaƙo ya ɓarke a garin Nome na Alaska. Direbobin keken da karnuka ke ja su 20 da karnuka kusan 150 suka yi karɓa-karɓa da magani a kan ƙanƙara, kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Togo, jagoran karnukan Leonhard Seppala, ɗan ƙarami ne, shekararsa 12. Yana ɗan kwikwiyo Seppala ya taɓa kyautar da shi saboda fitina, ya fasa gilashin taga ya dawo gida. Da dare ya yi musu a kan daskararren tekun Norton, iska ta hana Seppala ganin gabansa, sai ya bar wa karen zaɓen hanya. Kilomita sama da 400 suka ci, zuwa da dawowa.

Amma wani kare daban, Balto, wanda ya ja zangon ƙarshe na kilomita kusan 85, shi aka kafa wa mutum-mutumi a New York a shekarar.