Lasifika Biyar da Wufa: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

A shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, saitin lasifika biyar da wufa ya ture tsohuwar sitiriyo mai lasifika biyu gefe. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 5.1. Biyar ɗin su ne hagu, dama, tsakiya da biyu na baya. Ɗayan da ke bayan ɗigo na wufa ne, wadda ba ta ɗaukar komai sai rugugin da bai wuce 120 Hz ba.

Kunnen ɗan Adam ba ya iya tantance inda irin wannan rugugi yake fitowa, shi ya sa ko bayan kujera ka cusa wufa, aikinta za ta yi. Sauran biyar ɗin ne ba sa yafe kuskuren wuri.

To nan ake yin ta. Leƙa ɗakunan samari a Samaru: sau da yawa za ka tarar an jera biyar ɗin reras a kan kantar talabijin kamar kwanukan amarya, wayoyin na baya a naɗe da roba, ko warware su ba a yi ba. Wani ya ce mai gida ya hana buga ƙusa a bango, wani ya ce haka ya fi kyan gani. Ko ma mene ne dalili, kuɗin biyar aka biya, sautin biyu ake ji. Ƙa'ida ita ce ta tsakiya ta zauna daf da allo, domin kusan duk maganar 'yan wasa ta nan take fitowa, biyu kuma su koma gefen mai kallo, su ɗan ja baya.

Sitiriyo kanta ƙorafi ne ya haife ta. An ce Alan Blumlein, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, ya ji haushi a silima da ya ga ɗan wasa a wani ɓangaren allo, muryarsa na fitowa daga wani. A 1931 ya nemi rajistar fasahar.

A 1940 kamfanin Disney ya saki fim ɗin Fantasia da sauti mai hanyoyi da yawa, amma tsadar kayan ta sa silimomi ƙalilan suka iya ɗauka. A shekarun 1970 aka gwada lasifika huɗu a gidaje. Kamfanoni suka rabu, kowa da tsarinsa, kasuwar ta mutu. Sai a 1992 tsarin 5.1 na Dolby Digital ya shiga silima da fim ɗin Batman Returns, na DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park.

Wat dubu biyu ko uku da ke jikin kwali kuwa, duba ko akwai PMPO a gefensa. In akwai, cika baki ne. Lambar RMS ce ma'aunin gaskiya, kuma takan yi ƙasa sosai.

Babban abin dariyar shi ne, faifan VCD da Kannywood ta daɗe tana sayar da fina-finanta a kai bai san komai ba sai hagu da dama. Haka waƙoƙin MP3 da ake tura maka a memori. Saitin naka raba sautin biyun kawai yake yi ga lasifika biyar.

Don haka kafin ka ƙirga kuɗi a Sabon Gari, auna ɗakinka, ka kuma tabbata abin da za ka kalla da 5.1 aka naɗe shi.