Rigimar matsafa a wasannin bidiyo: Abin da ya kamata ku sani

A shagunan gem na Kafanchan da Zonkwa, wasan ƙwallo ne ke cin kasuwa. Amma akwai matasan da suka koma wasannin tatsuniya a waya da kwamfuta, kuma za ku ji suna ƙorafin an karya musu jarumi. Ga bayanin abin da suke nufi.

Wane irin wasa ne wannan?

Wasa ne da za ku zaɓi jarumi ɗaya ku bi shi cikin labari, yana ƙara ƙarfi a hankali. Jaruman rukuni-rukuni ne: mai takobi, maharbi, mai warkarwa, da mai jifa da wuta ko ƙanƙara, wanda ake kira matsafi. Kada sunan ya tayar muku da hankali. Babu boka ko ɗan bori a ciki, lissafi ne kawai da kwamfuta ke yi. Tushen tsarin shi ne Dungeons & Dragons, wasan tebur da ya fito a Amurka a 1974.

Mene ne daidaito?

Shi ne kada wani rukuni ya fi sauran ƙarfi har kowa ya guje su. Kamar dambe ne: idan ɗan dambe ɗaya ne kullum ke kisa, 'yan kallo za su watse.

Yaya ake yinsa?

Duk wanda aka ba wani abu, sai an hana shi wani. Matsafi na iya hallaka abokan gaba goma da jifa ɗaya, amma jikinsa ba ƙwari, sara biyu ya faɗi. Sannan a wasanni da yawa jifa yana cin wani ma'auni da ake kira mana, wanda ke ƙarewa kamar cajin waya.

A Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023, abin ya fi fitowa fili tsakanin nau'o'in matsafa irin su Wizard, Warlock da Sorcerer. Wizard yana da dabaru masu yawa, har yana koyon sababbi daga takardun da ya tsinta, amma sai ya yi dogon hutu a cikin wasan ƙarfinsa ke dawowa gaba ɗaya. Warlock kuwa manyan jifa biyu kacal yake da su a mafi yawan wasan, sai dai ɗan gajeren hutu ya ishe shi ya cika. Sorcerer dabarunsa kaɗan ne, amma yana iya sarrafa su, ya jefi mutum biyu lokaci guda. A ganina wannan ne daidaito mai kyau, domin kowa da ranarsa.

Wa abin ke shafa?

Wanda ya ɓata makonni yana gina jaruminsa. Kamfani na iya aiko da gyara ta intanet ya rage ƙarfin rukuni, abin da 'yan wasa ke kira naf, ko ya ƙara, wato baf. A watan Yulin 2023 kamfanin Blizzard ya rage ƙarfin jarumai a wasan Diablo IV, Sorcerer ya fi jin jiki. 'Yan wasa suka yi ca, har masu wasan suka fito kai tsaye suka amsa kuskurensu.

Nawa ake kashewa?

Baldur's Gate 3 kusan dala 60 ne, ga kuma buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yawan ɗaukewa. Diablo Immortal na waya kyauta ake sauke shi, amma yana cin data, kuma ana sayar da kaya a ciki. Kafin ku zuba kuɗi a kan wani matsafi don ana cewa shi ne gwani yau, ku tuna gyara ɗaya na iya mayar da shi baya gobe.