Ko Ka Sani? Manhajar da Agogo Kaɗai Take Dubawa

Ko ka san cewa ƙwayar Linux, wadda wayar Android ɗin da ke aljihunka take aiki a kanta, wata tsohuwar manhaja ce mai suna make take harhaɗa ta? Stuart Feldman ne ya rubuta ta a 1976, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, kuma har yau ɗalibin Jami'ar Duwala da ke koyon rubuta manhaja a ɗakinsa a Ndogpassi sai ya haɗu da ita, ko ba daɗe ko ba jima.

Babbar manhaja fayiloli ne masu yawa, wani lokacin dubbai, kuma kowanne sai an juya shi zuwa harshen da inji ke ganewa kafin a haɗa su wuri ɗaya. In ka gyara fayil ɗaya, babu dalilin sake juya sauran. Telan New Bell da aka kawo masa babbar riga a gyara aljihu ba ya warware aikin wuya. To amma wa zai tuna wane fayil aka taɓa, wane ne kuma ya dogara da shi? Feldman ya ba da labari cewa abokin aikinsa Steve Johnson ya shigo ofishinsa rai a ɓace, bayan ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da ya riga ya gyara: fayil ɗin ne ba a sake juya shi ba. Daga wannan haushi make ta samo asali. Kana rubuta mata umarni a fayil mai suna Makefile, ka ce wannan daga wancan ake samunsa, ga kuma yadda ake yi, ita kuma ta ɗauki nauyin tunawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take tunawar. Ba ta buɗe fayil ta karanta abin da ke ciki. Lokacin da aka yi wa kowane fayil gyaran ƙarshe kawai take dubawa. In tushen ya fi abin da aka samar daga gare shi sabunta, ta sake aiki. In ba haka ba, ta ce babu abin yi.

A nan ne lamarin ya shafe mu kai tsaye. Yawancin kwamfutocin da matasanmu ke koyo da su na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su. A cikin yawancinsu akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, galibi CR2032 mai ƙarfin volt 3, wanda ke riƙe agogo idan an kashe na'ura. Idan ya mutu, babban batirin ma ya gaji, aka kuma ɗauke wuta, sai agogo ya koma shekarun baya. Yaro ya gyara fayil yau, kwamfuta ta buga masa tsohuwar shekara, make ta duba ta ga abin da aka harhaɗa jiya ya fi sabunta, ta yi zamanta. Shi kuwa ya kwana yana zargin kansa, alhali gyaransa daidai ne. In kuma fayil ya zo a filashi daga na'urar da agogonta ya yi gaba, make za ta yi gargaɗin cewa agogo ya karkace, ta riƙa maimaita aiki ɗaya kullum. Maganin ba tsada: daidaita kwanan wata, sauya batirin, share abin da aka harhaɗa a da, a soma daga fari. Ina jin takaicin yawan waɗanda suka bar wannan ilimi suna ganin kansu ne bai ja ba, alhali batir ne.

Akwai tarko na biyu, wanda ido ba ya gani. Dole kowane layin umarni a Makefile ya fara da maɓallin Tab. In ka danna sarari sau takwas, a allo iri ɗaya ne, amma make za ta tsaya cak ta ce ba ta ga mai raba layi ba. Feldman da kansa ya ce ya gane matsalar da wuri, sai dai a lokacin mutane kamar goma sha biyu sun riga sun fara amfani da manhajar, bai so ya ɓata musu aiki ba. Sai a 2010 wata sigar make, GNU Make 3.82, ta ba da damar zaɓar wata alama. Wanda ya kwafo umarni daga WhatsApp ko daga takardar PDF ya fara duba nan, domin sau da yawa kwafi yana mayar da Tab sarari. Haka fayil da aka rubuta a Windows: ƙarshen layinsa na ɗauke da ɓoyayyar alama da ke rikita Linux.

Manyan manhajoji kuma sukan zo da rubutun configure, wanda Autoconf na David MacKenzie ke samarwa tun 1991. Rubutun ne ke zagaya kwamfutarka kafin make ta fara, yana duba ko akwai kayan aikin da ake buƙata. In ya tsaya, ainihin dalilin na cikin fayil mai suna config.log, kuma sau tari wani kunshi ne ba a girka ba. Idan allo ya cika da kurakurai, hau sama ka nemo na farko, sauran galibi 'ya'yansa ne. In kuma kana so ka ga abin da make ke shirin yi ba tare da ta taɓa komai ba, rubuta make -n, za ta jero maka umarnin ɗaya bayan ɗaya ka bi su da ido.