Mai Gadi Ɗaya Ga Na'urorin Ofis: Abin Da Na Koya A Xiaobei



Ni ke kula da kwamfutocin wani ofishin tura kaya a Xiaobei, kusa da benen Tianxiu a birnin Guangzhou. Muna da rauta a ofis, wata a sito, da kwamfutar da ke sa ido kan layin intanet. A da, kowace na'ura da kalmar sirrinta, kuma kowa ya san ta. Ranar da wani yaronmu ya bar aiki cikin fushi, kwana na yi ina canza su, amma na manta da ta sito. Sai bayan mako biyu na tuna. Da ya ga dama, daga ɗakinsa zai katse kyamarorin da ke gadin kayan mutanen Kano da Maraɗi.

Maganin da na samu shi ne RADIUS, tsarin da kamfanin Livingston na Amurka ya ƙirƙiro a 1991. Kamar mai gadi yake, riƙe da littafin sunaye. Duk wanda ya zo shiga wata na'ura, sai ta tambaye shi: a buɗe ko a hana?

Ga yadda na yi. Na ɗora manhajar FreeRADIUS, wadda kyauta ce, a kan kwamfuta ɗaya, na buɗe wa kowane ma'aikaci suna da kalmar sirrinsa. Sannan na shigar wa kowace na'ura adireshin kwamfutar, da wata doguwar kalmar sirri da su biyu kaɗai suka sani. Ta ƙofa mai lamba 1812 ake tantancewa, ta 1813 kuma ake rubuta wanda ya shiga da lokacin. Masu kayan Cisco kan yi amfani da TACACS+ ta ƙofa 49.

Hattara da abu biyu. A bar asusun gaggawa ɗaya a cikin kowace na'ura, don ranar da kwamfutar ta mutu. Ƙananan kyamarori kuwa, da yawansu ba sa jin wannan tsari, sai a canza kalmar sirrin da suka zo da ita. Ta irinta cutar Mirai ta kame dubban na'urori a 2016.

Yanzu idan yaro ya tafi, suna ɗaya nake gogewa. Allah ya tsare mana amanar mutane, amin.