Zaman Gida Idan An Ɗauke Wuta

Ɗauke wuta, wato yankewar lantarki daga layin da ke ciyar da unguwa, ya zama abin yau da gobe a arewacin Nijeriya, inda har yanzu ake kiran wutar da sunan NEPA, ko da yake hukumar, wadda aka kafa a 1972, ta koma PHCN a 2005, kana aka miƙa aikin rarrabawa ga kamfanoni irin su KEDCO a 2013. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Sai dai duhun bai cika yin kisa ba, abin da ake kunnawa a madadin wutar ne ya fi cin rayuka.

Janareta ne kan gaba, domin hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, wata iska mai guba da ba ta da launi ko wari, wadda ke kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, har jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abin da take rayuwa da shi. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma da yake sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, sai mutum ya kwanta ya huta a ɗakin da gubar ke taruwa, wanda kuwa barci ya riga ya ɗauke ba ya jin komai. Tsoron ɓarayi ne ke sa magidanta su shigar da injin zaure ko ƙarƙashin matakala, tsoro ne kuma mai dalili, amma maganinsa kejin ƙarfe ne a sarari, tazarar kamar mita 6 daga taga da ƙofa, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakuna. Kaskon gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki da hunturu ma wannan gubar yake fitarwa. Duk wanda aka ga alamun a jikinsa, a fitar da shi waje nan take, a garzaya da shi asibiti.

Gobara ce haɗari na biyu. Ba a zuba wa janareta fetur sai an kashe shi ya huce, ba a kuma barin kyandir ko fitilar ƙwai kusa da labule, katifa ko gidan sauro. Fitilar caji ko ta sola ta fi su aminci nesa ba kusa ba. Ya kamata a zare talabijin da firji daga soket, saboda wuta takan dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya.

Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4, bayan haka nama da madara sun zama abin shakka. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato da Kano ke haura digiri 40, randa na sanyaya ruwa ba tare da wuta ba, domin danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana tafiya da zafi yayin da yake bushewa. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke adana tumatir da alayyafo na kwanaki, ta kuma jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.