Inda Ya Kamata A Kafa Cajar Batir A Kwalekwalen Su

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Kainji ko mashigar Baga da asuba, ya ga masunta suna dawowa da fitilu a goshin kwalekwale da inji a bayansa, zai fahimci cewa batir ya shiga cikin kayan sana'ar su kamar yadda koma da ƙugiya suka shiga tun zamanin kakanni. To, da yake ɗaukar batir zuwa gari kullum don a yi masa caji wahala ce, sai wasu suka koma kafa caja a cikin jirgin, su jona ta da wutar gari ko janareto idan sun sauka, wanda kuwa hikima ce mai fa'ida matuƙar an kiyaye sharuɗɗanta.

Sharaɗi na farko shi ne sanin halin batir ɗin kansa. Irin wannan batir na darma da ruwan batir, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago a 1859, yakan fitar da iskar haidirojin yayin da yake shan caji, ita kuwa ba ta da launi ko wari, tana tashi sama saboda rashin nauyi, kuma da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da ita. Tururin fetur kuma akasin haka yake, domin nauyi gare shi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. Saboda haka kada a kafa caja daidai saman batir, inda tururinsa zai ci ta, kada kuma a kusantar da ita ga tankin mai. A nema mata bango a gefe, a tsaye, sama da inda ruwa ke taruwa, inda iska ke ratsawa ta ɗauke zafin da take fitarwa, a kuma guji rufe ta da buhu ko koma.

Wajen ɗaurawa, a yi amfani da sukuru marasa tsatsa a kan wani katako da aka kafa musamman, kada a huda jikin jirgi ƙasa da iyakar ruwa, domin girgizar inji da dukan igiyar ruwa kan kwance duk abin da aka ɗaure da sakaci. Jar waya ta tafi kan alamar tarawa, baƙa kan alamar ɗebewa, a ɗaure da noti sosai, a sa fis a jar wayar kusa da batir, a tazarar da ƙa'idar masana jiragen ruwa ta Amurka ta ƙayyade kada ta wuce inci 7, wato kimanin santimita 18. Sai an gama duk wannan sannan a jona wutar gari, kuma ita ake fara cirewa kafin a taɓa komai.

A nan ne babban haɗarin yake, domin batir bolt 12 ne kawai, amma wutar da ke shiga caja ta haura bolt 200, kuma idan waya ta goge wutar ta zubo cikin ruwan daɗi irin na tafkunanmu, sai ta bi jikin mutum, tunda ya fi ruwan saurin ɗaukar ta, ta sandarar da gaɓoɓinsa ya nutse ko da gwanin iyo ne. Wajibi ne a sayi cajar da aka yi don jirgin ruwa, a ɗage mahaɗar waya daga danshi, a hana yara wanka kusa da jirgin da ke caji.

Malamanmu sun karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma rai amana ce a wuyan mai jirgi, nasa da na yaran da ke ja masa koma. Sa'a guda da zai ɓata yana zaɓen wurin da ya dace tana cikin cika wannan amana.